Hawan Kilimanjaro: Jagora Daga Neman Biza Har Zuwa Ƙololuwar Uhuru

A garin Moshi da ke arewacin Tanzaniya, idan gari ya waye babu gajimare, kana ɗaga kai za ka ga dusar ƙanƙara fara fat tana rataye a sama, kai kuwa kana tsaye cikin gonakin ayaba da gahawa, gumi na keto maka. Wannan shi ne Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Afirka, mita 5,895 daga saman teku, kuma digiri uku kacal ne tsakaninsa da layin da ya raba duniya biyu. Lokacin da Bajamushe Johannes Rebmann ya ba da labari a 1848 cewa ya ga ƙanƙara a nan, masanan Turai da dama ƙaryata shi suka yi.

Abin da ya bambanta shi da sauran manyan duwatsu shi ne tsayuwarsa shi kaɗai a tsakiyar fili, babu jerin tsaunuka a gefensa, kuma ana kaiwa ƙololuwarsa da ƙafa, babu igiya babu ƙugiya. Tsohon dutse ne mai aman wuta da ke da kawuna uku: Shira da Mawenzi sun mutu, Kibo kuwa barci yake yi, kuma a kansa ne ƙololuwar take, wadda ake kira Uhuru. Gwamnatin Tanzaniya ta mai da wurin gandun ƙasa a 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1987. Na hau shi ta hanyar Machame cikin kwana bakwai, kuma abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda mutumin ƙasarmu zai shirya, da abin da zai tarar.

Fara da likita kafin ka tuntuɓi kowane kamfani

Wannan ne matakin da na fi damuwa da shi, domin jagororin da Turawa ke rubutawa ba su cika tsayawa a kansa ba, mu kuwa ya shafe mu kai tsaye. Ka san rukunin jininka, wato AA ne ko AS ko SS. Mai ciwon sikila bai kamata ya hau wannan dutse ba sam, domin ƙarancin iskar oksijin ne ke tayar da ciwon. Wanda kuma yake AS, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila amma lafiyarsa ƙalau, shi ma ya zauna da likita ya faɗa masa tsawon da zai hau, domin an san irin wannan tsawo yana iya taɓa saifar masu AS. Haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma da mai ciwon suga. A ƙololuwa, iskar oksijin da kake samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. Mutumin Kano yana zaune ne a ƙasa da mita 500, na Jos a wajen mita 1,200. Dutsen da ya fi tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne, wato ko sansanin daren farko na Kilimanjaro ya fi shi tsawo.

A wannan zaman ne kuma za ka tambayi likita game da maganin asetazolamaid, wanda aka fi sani da Diamox, da ke taimaka wa jiki sabawa da tsawo. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, don haka gara ka gwada shi a gida ka ga yadda jikinka ya karɓe shi. Ka nemi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro domin kwanakin Moshi, sannan ka tabbatar katinka na allurar shawara yana hannu, domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu.

Biza da jirgi

Masu fasfon Najeriya da na Nijar suna cikin waɗanda ba a ba su bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida ta intanet, an tura takardun zuwa hukumar shige da fice ta amince, kuma abin yana ɗaukar makonni. Ka ba shi wata biyu, ka nemi kamfanin da zai hau da kai ya aiko maka da takardar gayyata, kuma kada ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa kafin bizar ta fito.

Filin jirgin Kilimanjaro yana tsakanin Moshi da Arusha. Hanya mafi sauƙi daga wajenmu ita ce ta Addis Ababa da jirgin Habasha, daga Kano ko Abuja ko Legas. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Kada ka sa ledar zuba kaya a jakarka, Tanzaniya ta haramta ta tun 2019.

Wane lokaci, wace hanya

Damina biyu gare su: babba daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, ƙarama a wajen Nuwamba. Lokacin hawa shi ne Janairu zuwa farkon Maris, ko ƙarshen Yuni zuwa Oktoba. Ka duba kalandar Musulunci ma, domin kana buƙatar shan ruwa lita uku zuwa huɗu kullum a kan hanya, wannan kuwa ba ya haɗuwa da azumi.

Hanyoyin suna da yawa, kuma a nan ne yawancin mutane ke yin kuskuren da ke hana su kaiwa. Marangu ita ce tsohuwar hanya, ita kaɗai ce ake kwana a ɗakuna a sansanonin Mandara da Horombo da Kibo, kuma ana sayar da ita a kwana biyar da farashi mai rahusa. Rahusar ce ke jan mutane, kwana biyar ɗin kuma shi ke dawo da su daga rabin hanya da ciwon kai da amai. Rongai tana zuwa daga arewa, kusa da iyakar Kenya, ta fi bushewa kuma ba cunkoso. Umbwe tsaye take ƙiƙam, ta ƙwararru ce. Lemosho tana farawa daga yamma, kwana bakwai ko takwas, kuma in da hali ita zan zaɓar wa wanda bai taɓa hawa ba. Machame, wadda na bi, tana haɗuwa da Lemosho a tudun Shira, daga nan su tafi tare.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: kada ka karɓi ƙasa da kwana bakwai. Jiki yana sabawa da ƙarancin iska ne a hankali, yana ƙara numfashi yana gyara jini, kuma ba ruwansa da ƙarfin damtse. Na ga samari majiya ƙarfi an sauko da su, na ga dattijuwa ta wuce su da sandarta ta kai. Kwana ɗayan da ka ƙara ya fi maka kowane kaya mai tsada da za ka saya.

Kamfani, kuɗi, da haƙƙin 'yan dako

Doka ba ta yarda kowa ya hau shi kaɗai ba, dole sai da ja-gaba mai lasisi, ta hannun kamfani mai rajista. Lokacin da na je, hukumar gandun tana karɓar dala 70 a kowace rana daga baƙo, dala 50 kuɗin kafa tanti a kowane dare, dala 20 kuɗin ceto, sannan harajin kashi 18 a kai. In ka lissafa na kwana bakwai, ya doshi dala 1,000 tun ba a sayi ko buhun shinkafa ba. Shi ya sa farashin kamfanin kirki yakan fara daga wajen dala 2,000 zuwa sama. In wani ya kawo maka farashin da bai fi kuɗin hukuma da kaɗan ba, ka tambayi kanka daga aljihun wa za a cike gurbin. Amsar kusan kullum ita ce daga na 'yan dako.

Mutum ɗaya yakan tafi da 'yan dako uku ko huɗu, ban da kuku da ja-gaba. Su ke ɗaukar tanti da tukunyar gas da abinci, su tashi bayanka su isa kafin ka, ka tarar da ruwan zafi yana jiranka. Doka ta ƙayyade musu kilo 20, ana auna kayan a ƙofa. Akwai wata ƙungiya a Moshi mai suna KPAP da ke sa ido kan yadda ake biyansu da ciyar da su, kuma tana fitar da sunayen kamfanonin da suka cika sharuɗɗa. Ka zaɓa daga cikinsu. Ka tambayi kamfanin kai tsaye: sau nawa 'yan dako ke cin abinci a rana, mutum nawa ke kwana a tanti ɗaya, suna tafiya da tulun oksijin, suna auna iskar jinin kowa safe da yamma? Ka faɗa musu kuma tun yanzu cewa naman halal kake so. Musulmi suna da yawa a Moshi, ba abu ne mai wuya ba in an faɗa da wuri. Sai inshorar tafiya: ka karanta ka ga ta rubuta cewa ta rufe hawa har mita 6,000.

Horon jiki da kayan sanyi

Wata uku kafin tafiya ka fara yawo mai tsawo da jaka a baya, awa biyu, uku, har ka kai awa shida a ranar hutu. In kana Kano ga Dala da Gwauron Dutse, ka hau ka sauka ka sake hawa. Na Zariya yana da Kufena, na Jos yana da duwatsun Shere. In babu dutse, matakalar bene ta wadatar. Kuma duk wannan yawon ka yi shi cikin takalmin da za ka hau da shi, sau-ciki mai kama idon sawu wanda ruwa ba ya shiga, domin sabon takalmi bororo yake fitarwa a rana ta biyu.

Sanyin nan kada ka auna shi da na hunturunmu. A daren ƙololuwa yakan sauka ƙasa da sifiri da digiri goma ko fiye, ga iska. Dabarar ita ce sutura hawa-hawa: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai ɗumi, babbar rigar sanyi, sai ta waje mai tare ruwa da iska. Ka guji auduga a jikin fata, domin in ta jiƙe da gumi sanyi take riƙewa. Safar hannu biyu, siririya da mai kauri, hular sanyi, tocilar goshi da batir na ƙari, tabarau mai duhu, man kare fata daga rana, sandunan dogarawa biyu. Jakar barci da babbar rigar sanyi ana ba da hayarsu a Moshi, ba sai ka saya ba. Jakarka da ɗan dako zai ɗauka kada ta wuce kilo 15. Ni na tafi da dabino da kilishi da ƙuli-ƙuli, kuma a kwanakin da abinci ya fita raina su ne suka riƙe ni.

Kwanakin hawa

Ranar farko za ka sa hannu a ƙofar Machame, a tsawon mita 1,800, inda gonakin mutanen Chagga suka ƙare, daji ya fara. Daji ne mai duhu da danshi, gansakuka na lilo daga rassa, birai baƙaƙe masu farin gashi da dogon bindi suna tsalle a sama. A gindin itatuwa akwai wata 'yar fure ja da rawaya wadda ba ta fitowa ko'ina a duniya sai a wannan dutse. Tun a nan za ka fara jin kalmar da za ta bi ka har sama: pole pole, wato sannu sannu da Suwahili. Ja-gaba zai riƙa tafiya kamar mai rakiyar amarya, har ranka ya so ɓaci. Ka bi sawunsa. Mu ma mun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a kan Kilimanjaro maganar ta likitanci ce.

Rana ta biyu itatuwa suna gajarcewa har su ƙare, ka fito fili a tudun Shira, wajen mita 3,800. Da yamma gajimare yana ƙarƙashinka kamar shimfiɗaɗɗiyar auduga, dutsen Meru ya leƙo daga cikinsa can yamma. A nan sanyi ke fara cizo, kuma a nan za ka fara taimama in ruwa ya gagare ka. Ka tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salloli tun kafin ka taso. Alƙibla kuma ka kiyaye: mu mun saba da fuskantar gabas, amma daga nan Makka tana arewa ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas.

Rana ta uku ita ce gwaji. Za a hau da kai zuwa wani curin dutse da ake kira Lava Tower, mita 4,600, ka ci abincin rana a can, sannan a gangaro da kai Barranco, ƙasa da mita 4,000, ka kwana. Da gangan aka tsara haka: jiki ya ɗanɗani tsawo da rana, ya huta a ƙasa da dare. A ranar ne kaina ya fara sarawa, abinci ya ƙi shiga. Na faɗa wa ja-gaba, ya auna ni, ya sa na sha ruwa na rage sauri, da muka sauka Barranco ciwon ya lafa. Kwarin Barranco kansa abin kallo ne, cike da wasu tsirrai masu kauri kamar gajerun giginya da tulin ganye a ka, waɗanda busassun ganyayensu ke lulluɓe jikinsu su kare su daga sanyin dare.

A nan ya kamata ka san bambancin ciwon da ake jurewa da wanda ake gudu. Ɗan ciwon kai, rashin barci, rashin son abinci, kusan kowa yana samu. Amma ciwon kan da magani ba ya taɓawa, amai ba ƙaƙƙautawa, tangaɗi a tafiya, ruɗewar magana, haki kana zaune, tari mai kumfa, waɗannan alamun ruwa ne a huhu ko kumburi a ƙwaƙwalwa, kuma suna kisa. Maganinsu sauka, a take, ko da tsakar dare ne. Kada ka ɓoye wa ja-gaba komai don kunya ko don tunanin kuɗin da ka kashe. In ya ce ka sauka, ka sauka.

Rana ta huɗu za ka wayi gari da bangon Barranco a gabanka, sama da mita 250 a tsaye. Daga nesa yana ba da tsoro, amma hanya ce da ake bi da hannu da ƙafa, sai ka rataye sandunanka ka bi inda aka nuna maka, ka riƙa ba 'yan dako hanya. Bayan bangon sai kwarin Karanga, daga shi kuma babu sauran ruwa, duk wanda za ka sha daga nan a kai aka ɗauko maka shi, don haka kada ka yi almubazzaranci da shi. Rana ta biyar gajeruwa ce, zuwa Barafu, wajen mita 4,670, sunan da ke nufin ƙanƙara da Suwahili. Babu ciyawa ko ɗaya a wurin, sai tsakuwa da iska da manyan hankaki masu farin wuya. Ka ci abin da ya samu, ka shirya kayanka, ka kwanta tun da sauran rana.

Daren ƙololuwa

Wajen sha ɗaya na dare za a tashe ka, a ba ka shayi da biskit. Da tsakar dare a kama hanya. Abin da za ka gani shi ne jerin fitilu suna hawa cikin duhu har ka kasa bambance su da taurari. Ka sa gorar ruwanka cikin safa, ka juya bakinta ƙasa, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa. Wayarka da batir ka sa su a aljihun ciki kusa da jiki. Hutun ya zama gajere, minti biyar, in ka daɗe a zaune sanyi zai shige ka. Tsakanin ƙarfe uku da biyar ne wahalar take kaiwa maƙura: taku ɗaya, numfashi biyu, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin ƙafa. Ni a lokacin na daina kallon sama, na riƙa kallon dugadugan ja-gaba ina tasbihi, taku ɗaya kalma ɗaya.

Bayan awa shida ko bakwai za ka isa bakin ramin aman wutar Kibo a Stella Point, mita 5,756, daidai lokacin da gabas ke yin ja a bayan Mawenzi. A nan na buga taimama a kan dutse na yi Asuba. Daga Stella saura tafiyar kusan awa ɗaya, ba tsaye sosai ba, kana bin gefen ramin, ga katangun ƙanƙara masu shuɗi-shuɗi a hagunka. Ka dube su da kyau. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙanƙarar da aka auna a 1912 ta riga ta tafi, abin da ya rage kuma yana ci gaba da raguwa.

Hans Meyer da Ludwig Purtscheller ne aka rubuta a matsayin waɗanda suka fara isa nan, a watan Oktoba na 1889, suka sa wa wurin sunan sarkin Jamus. Da Tanganyika, wato babban yankin Tanzaniya ta yau, ta sami mulkin kai a Disambar 1961, wani hafsan soja mai suna Alexander Nyirenda ya kai wutar 'yanci kan dutsen, daga baya aka sauya sunan zuwa Uhuru, wato 'yanci. Ba za a bar ka ka wuce minti goma sha biyar ko ashirin a wurin ba. Ka ɗauki hotonka, ka yi godiya ga Allah, ka juya.

Saukowa

Mutane ba su cika shirya wa wannan ba, alhali a nan gwiwa ke shan wuya. Za ka gangaro cikin tsakuwa zuwa Barafu, ka ɗan kwanta awa ɗaya, ka ci abinci, sannan a ci gaba har sansanin Mweka, wajen mita 3,100. Jimillar tafiyar ranar takan kai awa goma sha biyu zuwa sha biyar. Ka tsawaita sandunanka, ka ɗaure igiyar takalmi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba, kuma ka yanke farce tun a Moshi.

Washegari kafin a tashi ake ba ma'aikata tukuici. Ka tambayi kamfanin adadin da aka saba tun kafin tafiya, ka tanadi kuɗin a ƙananan takardu, a karanta rabon kowa a gaban kowa, ka miƙa wa kowane mutum nasa a hannunsa. Kayan sanyin da ba za su yi maka amfani a gida ba, safa da safar hannu da riga, ka bar musu. A ƙofar Mweka za ka sa hannun fita a ba ka takardar shaida: mai ruwan zinariya ga wanda ya kai Uhuru, koriya ga wanda ya tsaya a Stella. Ka bar wa kanka kwana ɗaya a Moshi kafin jirgi, domin ƙafafunka za su kumbura, kuma zaman awa da yawa a kujerar jirgi washegarin saukowa ba shi da kyau ga jijiyoyin jini. Ka yi wanka, ka je masallaci, ka ci ayaba dafaffa da nama irin ta mutanen Chagga, in an yi sa'a da yamma gajimare ya yaye ka ga inda ka fito.